Ya Danganta da Mi?

Mun baro Tawa da asuba, ni da Agali direba
da Mista Bowatin, injiniyan ruwa daga Kumasi,
taswira bisa cinya, kwalbar ruwan sanyi tsakanin ƙafafu.
Ni aikina baki ne:
in ɗauko magana daga wannan kunne in sauke a wancan,
jikka goma a wuni, ban da na shayi.

A wani ƙauye bayan Kalfu
an shimfiɗa mana tabarmi ƙarƙashin aduwa.
Maigari ya yi maraba, liman ya shafa fatiha,
sai Habsu ta taso daga cikin mata,
tafin hannunta duk kanta,
igiyar guga ta shekara arba'in tana cin sa.
Ba ta gaida kowa ba.
"Tambaye shi," ta ce,
"in kun huda nan, akwai ruwa ko babu?"

Na juya masa da Ingilishin da na tsinto
a kasuwar albasa ta Akara.
Ya dubi takarda, ya dubi tudu,
ya ɗan ɗaga kafaɗa:
"It difens."

Kalma biyu rak.
Na tauna su kamar tsakuwa cikin shinkafa.
In ce "Allah masani"? Bai ambaci Allah ba,
ban son ara masa imani.
In ce "wataƙila"? Wataƙila takan jingina da i,
wannan kuwa ta toge a tsakiya
kamar jaki a bakin kwazazzabo.
In ce bai sani ba? Ya sani.
Ya san kaurin dutsen, ya san kuɗin kowace mita,
ruwan ne kawai bai yi masa alkawari ba.

Na ce, "Inna, wai ya danganta."
"Da mi?"

Ya shiga lissafi da yatsu, ina bin sa a guje:
da abin da ke kwance ƙarƙashin dutse,
da haƙoran injin,
da sa hannun wani mutum a Yamai
wanda bai taɓa jin sunan garin nan ba.
Yatsu suka ƙare, magana ba ta ƙare ba.

Habsu ta yi dariya, gajeriya, babu daɗi ciki.
"Ashe su ma suna da ita.
Ɗana Illa da ke Sabha, in na ce yaushe za ka zo,
irin ta yake ba ni, da Hausa."

Ta tafi, ta dawo da ƙwarya,
ruwan tafki, launin kunun da bai ji tsamiya ba,
ta miƙa wa baƙo da hannu biyu, yadda aka saba.
Ya leƙa ciki. Ya matso kusa da kunnena:
ko ana iya sha?

Ban kai ga buɗe baki ba.
Tsohuwa ta karanta fuskarsa,
ta ɗaga kafaɗa daidai yadda ya yi,
ta ce, "Idifen."

Mata suka kece da dariya har da tafi.
Shi ma ya yi, ya kurɓa, ya haɗiye da ƙyar.

A hanyar komowa babu mai magana.
Kwalbarsa na birgima a ƙasan mota,
bai sunkuya ya ɗauka ba.
Dab da shingen jandarma ya ce Agali ya tsaya,
ya buɗe taswira bisa gwiwa,
ya zagaye wurin da jan biro,
ya sake zagayewa,
ya tambaye ni yadda ake rubuta sunanta.