Kuskuren Lamba Ɗaya

Wata huɗu wayar gidanmu ba ta yi ƙara ba.
Tana nan bisa teburi a Mabera,
ƙarƙashin ƙyallen da Inno ta saƙa mata,
fitila kore, caji cike,
shiru kamar malam ya ci shirwa.

Baba ya ce mutane ne suka canza.
"An yi arba'in, an watse, wa ka tunawa da kai?"
Ya juya ga bango shi da rediyonsa.

Ni ban yarda ba.
Na zare batir, na hura, na mayar.
Na goga sim a gefen zanena.
Na kai ta bakin taga, na miƙe mata eriya,
na loda katin da ba ta roƙa ba.
Tana kiran kowa.
Ita ce ba a samu.

Ran Laraba na kira ta da tawa,
ina tsaye a kanta, ina kallonta.
Ko gezau.
Amma a kunnena ƙara na ta tafiya,
har wani namiji ya ɗauka, bayansa hayaniyar ciniki:
"In ta'aziyya ta, mun gode. Allah shi jiƙan Hajiya."

Labbo sunansa. Albasa yake sayarwa a Ramin Kura.

Ashe daren da za a kai Inno asibiti
ta karkatar da kiran gida zuwa 'yar wayarta,
kada dangi su nema su rasa.
Idonta ya riga ya yi hazo.
Inda tara take, ta danna shida.

"Da fari cewa nikai ba nan ba ne," in ji Labbo.
"Sai wata tsohuwa daga Tambuwal
ta hwashe da kuka kahin in buɗe baki.
To mi za ni ce mata?
Tun ran nan nike amsawa."

Ya zo da yamma a kan babur,
da bayan kwali, an rubuta da gawayi da biro:
Gwaggo Ige, sau uku.
Wani Cika na Illela.
Mai bin bashin dubu biyu, ya ce ya yafe.
Suna talatin da bakwai.
Baba ya riƙe kwalin da hannu biyu
kamar ana miƙa masa jariri.

"Akwai wadda ban rubuta ba," in ji Labbo,
yana duban takalminsa.
"Tun kahin masu kuka. Murya ƙasa-ƙasa.
Ta ce, kai ko wane ne,
ka ce ma Malam shi sha maganinai bayan tuwo, ba kahin ba."

Gyaran bai kai minti guda ba.
Gidan dara biyu, sifili biyu, sai biyu, sai gidan dara.
Allon ya ce an soke.
Abin da ya cinye mana wata huɗu ke nan.

Saura ɗan ambulan a kusurwar allo,
akwatin saƙon murya, yana neman lambar sirri.
Na sa shekarar haihuwata, ya ƙi.
Na sa ta Tukur, ya ƙi.
Baba ya ce, "Gwada lambar tsohuwar Besfata."
Ya buɗe.

Saƙo ɗaya ne, tun ranar da aka sayo wayar.
Ana jin tukunya na tafasa.
"Halo? Halo? Ana ji na?
Ba komi. Gwaji nikai."

Matar kamfani ta ce a danna kaza a goge, kaza a adana.
Yatsana bai taɓa yin hankali irin na ran nan ba.

Bayan isha'i wayar ta yi ƙara.
Duk muka zabura, har kyanwa.
Labbo ne.
Wai yau tasa ta yi shiru da yawa,
ya ce bari ya ji ko Malam ya sha magani.