Kujerar Bakin Taga

Shekarata sha bakwai da wata uku.
Har jiya, iyakar duniyata Samaru,
can inda bas ke juyawa ya dawo,
sai ko Kufena da muka hau sau ɗaya muna aji uku,
na tsaya a ƙololuwa ina nuna wa Jazuli rufin gidanmu
alhali ni ma ban gano shi ba.

Bayan isha'i Baba ya cire tabarau, ya murza ido.
Ya ce, "Nafi'u, gobe kai za ka kai wa Alhaji Tanimu rigunansa Jos."
Shi ke nan. Ya koma neman kafar allura.
Riga huɗu, aska takwas a ƙirjin kowace,
wata biyar na yatsunsa, da rabin ganinsa.
Na ce to,
kamar an aike ni sayen zare a Tudun Wada.
Sai da na shiga ɗaki na yi tsalle
har kaina ya taɓa silin.

Inna ba ta yi barci ba.
Ta ɗinke kuɗin dawowa cikin ƙugun wandona,
ɗinki ƙanana, kamar tana rufe bakin wani.
Kada ka ci abin hannun da ba ka sani ba.
Kada ka yi barci da baki buɗe.
Rumasa'u kuwa tsaraba ɗaya ta roƙa:
wai in zubo mata sanyin Jos a gora.

Na sha wucewa Ƙofar Doka,
amma yau ne na ji ƙofa ce.

Ƙarƙashin gadar Kwangila hannaye shida suka kama jakata,
kowa na rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi.
Na yi ciniki da muryar Baba da na aro,
ta karye mini a tsakiya.
Ɗan kamasho ya ƙara ɗari biyar, wai kuɗin kaya.
Na biya.
Tsohuwar da ke gefena da buhun barkononta
ko sisi ba ta ƙara ba, harara ɗaya ta ishe ta.
Na waiga in kai ƙara,
babu kowa a bayana sai mai shayi yana fifita wuta.

Ashe haka abin yake.
Na zaci 'yanci iska ce mai kaɗa riga.
Ashe a cuce ka ne da hantsi,
ka rasa wanda za ka ɗora wa
sai mai wandon da ka sa.

Amma na samu bakin taga.
Dakace ta wuce, Soba ta wuce,
rimayen gida suka yi ta ƙanƙancewa har dawa ta haɗiye su.
Yayyafi ya sauko a Pambeguwa,
na tuɓe rigata ta sama na lulluɓe jakar,
ban san lokacin da na yi ba.

Wata mata ta miƙo jaririnta daga kujerar baya:
"Malam, riƙe mini in gyara goyo."
Na duba ko'ina ina neman malamin.
Yaron ya kama babban yatsana, bai tambayi shekaruna ba.

A Saminaka waya ta yi ƙara.
"Ba su jiƙe ba dai?" in ji Baba.
Na ce lafiya lau suke.
Ya yi shiru, bai kashe ba,
ina jin kekensa ya tsaya,
ina jin Inna daga nesa tana cewa a tambaye shi ko ya ci abinci.

Na sayi gasasshiyar masara ta tagar mota
a hannun da ban sani ba.
Da zafinta, da ɗan toka a gefe.
Gaba, duwatsu na ta tasowa, ba wanda na san sunansa,
zaren Inna kuma na sosa mini ƙugu
duk sanda muka faɗa rami.