Kwanan Ƙyale-su a Bakin Rima

Da na ce zan kwana a dajin Goronyo,
Altine ya dube ni, ya dubi karen,
ya ce, "Kai dai tafi, shi mi ya kai shi?"
Na ce, shekara uku yana gadin ƙofa,
bai taɓa ganin ruwan da ya fi kwano ba.

Tun Laraba muka je asibitin dabbobi.
Malam Sanda ya soka masa allurar hauka,
ya ɗiga maganin kaska a ƙeyarsa,
ya ba ni takarda, na ninke cikin hula.
Ya ce, "Igiya. Kar ka fita babu igiya.
Daji bai san sunan karenka ba."

Tabarma, tocila, gidan sauro,
jarka biyu, guda tawa, guda tasa.
Kwanonsa daban, mai lotsattsen baki,
butata daban, na rataye ta sama,
don alwala ba ta son gardama.

A bayan a-kori-kurar Ɗantani muka iso.
Na dafa yashi da bayan hannu,
ban kai ƙirga biyar ba na janye.
Ni ina da takalmi, shi fa?
Sai muka zauna gindin marke
yana haki, ina zuba masa ruwa kaɗan-kaɗan,
har la'asar ta yi sanyi.

Bakin ruwa ya ga abin da bai taɓa gani ba,
ya yi wa inuwarsa haushi sau biyu.
Can ya shinshino kan tarwaɗa a laka,
na fizge shi, ya harare ni.
Da na juya kan da tsinke,
ga ƙugiyar masunta tana ƙyalli ciki.
Ban ce masa komai ba. Mai zai ji?

Na share wurin kwana tun da haske,
na ɗaga kowane dutse da sanda,
kunama ɗaya ta fito, ta kama gabanta.
Na kafa turke nesa da wuta,
kusa da ni, iya miƙa hannu.

Dare ya raba, sai ya fara kuka,
irin kukan nan na cikin hanci.
Na ce, haba, wannan wane irin yawo ne,
a kawo ka daji a ɗaure ka kamar akuya?
Hannuna ya riga ya kai kan ƙulli
sai na ji ƙasa tana motsi.

Garke ne, ya biyo labi zuwa mashaya,
ƙahoni farare a hasken wata.
Wata saniya mai sabon maraƙi
ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta huci.
Ƙyale-su ya zabura da dukan ƙarfinsa,
igiya ta miƙe, ta yi ƙara,
ba ta tsinke ba.

Makiyayin ya haska mu, sanda a kafaɗa.
Ya ce, "Ka kyauta da ka ɗaure.
Wannan ba ta san wasa ba."
Na ba shi goro, ya ba ni sunansa, Modi,
ya bi shanunsa, ƙura ta lafa.
Ni kuwa hannuna bai daina rawa ba
har na ji zakaran wata ruga.

Da gari ya waye na duba shi tas:
ƙarangiya bakwai a wutsiya,
ƙaya guda tsakanin yatsu,
kaska a kunnen hagu, ba ta kai ga kamawa ba.
Na kashe wuta da sauran ruwan jarka,
na binne abin da ya kamata a binne.

A gida Altine yana jira bakin zaure.
Ya ce, "To, mi kuka gani?"
Ƙyale-su ya wuce shi ko kallo babu,
ya je ya kwanta inda ya saba,
igiyar nan ƙarƙashin haɓarsa.