Rudun Albasa

Ƙarfe biyun dare, asibitin Aliero ya yi tsit,
janareta kaɗai ke tari a bayan ɗakin haihuwa.
Na shimfiɗa takardar fansho a kan tebur,
na danne kusurwarta da kwalbar ruwan allura.

Sahabi ne ya kawo ta ranar Litinin,
da jakar kamfani da takalmi mai ƙyalli.
Ya ce, "Sista Luba, shekara goma sha huɗu ana yankar albashinki,
ba ki taɓa tambayar inda kuɗin ke kwana ba."
Na yi dariya don in rufe kunya.

Asusu na ɗaya, in ji shi, ɗan tsere ne,
hannun jari ya fi yawa, yau tudu, gobe kwari.
Na biyu yana tafiya yana waige,
nan aka zuba ni tun farko, ban sani ba.
Na uku na waɗanda furfura ta cim musu ne.
Akwai kuma wanda ba ya cin kuɗin ruwa.
"Ɗaya za ki zaɓa. Alhamis zan dawo."

Rifkatu ta sa hannu tun a tsaye.
Ta ce ita 'yar Zuru ce, da ƙaya ta saba,
shekararta ashirin da takwas, in ta faɗi za ta tashi.
Ni arba'in da uku,
ga 'ya'ya huɗu, ga gwiwa ta fara gulmata.

Sai na tuna Baba Nomau a bakin gonarsa,
lokacin cirar albasa, rana kamar ta fasa kai.
Motocin kurmi sun yi layi, farashi ya zube ƙasa.
Yakan sayar da kashi guda ya biya 'yan ƙwadago,
ya ware na iri,
sauran ya jera a rudu, ya rufe da ciyawa,
ya jira damina ta ɗaga masa daraja.

Wata shekara buhu ya ninka har sau huɗu,
ya sayo wa Inna keken ɗinki.
Wata shekara zafi ya shiga rudun,
wari ya riga mu sanin labari.
Muka kwashe ruɓaɓɓiya da shebur, ba mai magana.
Da dare ya ce mini,
"Wanda ya sayar duka ranar cira, tsoro ya ci shi.
Wanda ya ajiye duka, kwaɗayi ya ci shi.
Ni dai na fi so su raba ni su ci."

To, Baba, nawa rudun yana Abuja,
ba na ganinsa, ba na jin warinsa,
sai saƙon waya duk wata uku.
Kuma na gano kuɗin da aka kwantar ma yana ruɓa:
dubu goman da ta sayi buhun masara
shekarar da na haifi Mu'awiya,
yau a leda nake riƙo abin da ta saya.

Shekara goma sha bakwai suka rage mini,
in Allah ya kai rai.
Sun isa albasa ta faɗi ta tashi,
ba su isa in yi caca ba.
Kuma ina so in ci tuwon tsufana
ba tare da zuciya na tambayata asalinsa ba.

Na ɗora biro kan akwatin marar ruwa.
A gefe na rubuta tambaya biyu don Sahabi:
nawa suke cira na ɗawainiya,
kuma in na kai hamsin, zan iya sauya sheƙa?
Adashen Laraba yana nan, ba zan bari ba,
tumakina biyu na gidan Yaya Kulu su ne irina.

Ban gama sa hannu ba aka buga ƙofa.
Mace ce daga Sabiyal, a kan babur, faya ta fashe.
Na tura takardar ƙarƙashin littafin rajista,
na wanke hannu, na sa safa.
Wannan ajiyar ta wata tara ce,
ita ba ta jiran Alhamis.