Faifan da Ke Bayan Manaja

Ruwan Ikko na dukan kwano,
mu huɗu a saman shagon Tanimu, a Agege,
janareta na tari a ƙasa,
majigi na zuba haske kan farin zanen gado.

Tsohon fim ne na wata masaƙa, baƙi da fari:
zare na gudu, ƙarafa na gaisawa,
goge kamar arba'in suna kuka baki ɗaya,
wata sarewa ta leƙo, ta koma.

"Tsaya nan!" in ji Baba Oyelaran.
Hoto ya daskare.
Bayan kujerar manaja, jingine da bango,
ga kwalin faifai, inuwa ta ci rabinsa.

Tanimu ya ɗora tabarau kan tabarau,
ya ce tambarin nan tsuntsu ne.
Oyelaran ya ce wane tsuntsu, jirgin ruwa ne,
ya taɓa riƙe irinsa a Jankara
wani ya kasa shi da sule biyu.

Laraba ta buɗe littafinta da gara ta ɗanɗana,
lamba bin lamba, tsintuwar shekara talatin.
Gardama ta kai la'asar, shayi ya huce.
Can ta zaro ɗaya daga ƙasan akwati,
ta hure shi, ta share da gefen mayafi,
allura ta sauka.
Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana suyar gyaɗa,
sai gogen nan suka miƙe
daidai inda na fim suka tsaya.

Shi ne. Tanimu har da tafi.
Aka rubuta suna, aka rubuta shekara,
da garin sanyin da aka buga shi.

Ni kuwa idona ba ya kan faifai.
Can gefen hoton, a bakin ƙofa,
ga wani dogo da bandir ɗin yadi a kafaɗa,
rabin fuska, hula ta karkata hagu.
Ba ya cikin littafin kowa.
Ba lamba a jikinsa, ba tambari.
Bai ma taɓa jin gogen nan ba,
inji ya cinye masa kunne tun ina goye.

Na ce a ɗan mayar baya.
Suka zaci kiɗan nake so.
Daƙiƙa uku:
ya shigo, ya sauke kaya, ya fita.

Sunansa Mijinyawa.
Haka yake karkata hula
har ranar da muka rako shi makwanci.
Ita ce yau a kaina,
ba wanda ya lura.