Mai Duba Kuskure a Ancud

Shekara arba'in da ɗaya ƙarƙashin fitila ɗaya,
jan alƙalami a hannu, ina farautar harafin da ya kauce.
Sunana bai taɓa hawa shafi ba.
Eleuterio Barría. To, yau na rubuta da kaina.

El Remo muke ce mata, wato filafilin kwalekwale.
Clorinda Oyarzún ta kafa ta,
bayan teku ta riƙe mata miji ta ƙi saki.
Ta sayar da shanu tara da gonar dankali,
ta sayo tsohon inji mai tari kamar mashayin taba,
ta ce tsibirin nan ya gaji
da jin labarin kansa a bakin Santiago.

Masu baki sun ce amfaninta naɗe kifi.
Ba ƙarya, ta naɗe kifi,
amma sai an karanta ta tukuna, daga baya zuwa gaba:
wa ya rasu, yaushe ruwa zai janye, nawa buhun dankali,
in da sauran shayi a kofi, a leƙa siyasa.

Shekarar da ƙasa ta girgiza,
teku ta shigo gari ba sallama,
takarda ta jiƙe, inji ya sha gishiri.
A bayan buhun fulawa muka buga.
Babu labari, sunaye kawai,
dama waɗanda aka gani da rai,
hagu waɗanda ake cigiya.
Na ga tsohuwa tana bin layi da yatsa.
Ba ta iya karatu ba,
siffar sunan ɗanta ta sani.

Mun taɓa kashe Baldomero Cárcamo ran Talata.
Laraba sai ga shi da jiƙaƙƙiyar laima, yana huci.
Da ya karanta yabon da muka yi wa gawarsa
sai ya sayi goma, ya raba wa surukai.

Zamanin soja kuwa,
ana yawan tuna ranar da muka bar fili fari a shafin farko,
gari ya karanta shirun ya gane.
Rana ɗaya ce.
Sauran ranakun mun buga abin da aka miƙo mana,
ni na gyara masa waƙafi,
ni na tabbatar ƙaryar ta fita ba tuntuɓe.
Wannan ma tarihinta ne, kada a tsallake.

Yanzu ta rame, shafi takwas,
jikokina a waya suke leƙa ta.
Ni dai kullum da asuba tana zuwa a jiƙe,
na shanya ta bakin murhu, na ɗauko jan alƙalami.

Jiya sun yi kuskuren lokacin cikar ruwa, minti ashirin.
Minti ashirin na iya cin kwalekwale.
Na buga musu waya.
Wata yarinya ta ɗauka, ta yi godiya,
ta tambaye ni yadda ake rubuta sunana.