Zanin Gado a Kakuri

Zanin gadon Inna Kande muka ɗaure
tsakanin darbejiya da turken wuta.
Majigin aro, man janareta karo-karo,
bikinmu ke nan.

Fim na huɗu minti bakwai ne kacal.
Laraba ta ɗauka da waya mai fasasshen gilashi.
Ga babanta nan, ƙato,
a jikin yadin da wataƙila shi ya saƙa,
yana ƙirga shekarun da masaƙa ta riƙe guminsa.
Yatsu suka ƙare, ya koma kan ɗan ƙarami.

Sai janareta ya yi tari, ya mutu.

Ba wanda ya tashi.
Can a bencin baya, cikin duhu,
tsohon ya gyara murya:
"To, ina na tsaya?"

Da baki ya ƙarasa mana.